Jakin da Ba a Taɓa Ba

A shekarata ta ƙarshe a makarantar koyon aikin likitan dabbobi, kowane ɗalibi sai ya yi ɗan bincike ya rubuta kundi kafin a ba shi takardarsa. Abokaina suka rarraba kansu, wannan ya ɗauki tsutsar ciki, wancan ciwon kaji. Ni kuwa, don son a ce na zo da abin da ba a saba gani ba, sai na zaɓi tausa. Ina so in gani ko murza jikin jakin amalanke da hannu yana canza wani abu da za a iya aunawa a cikinsa: bugun zuciya, numfashi, zafin jiki, motsin hanji. Malamin da ke duba aikina ya fara da dariya, daga baya ya yarda, amma ya kafa mini sharaɗi. Jakai goma sha biyu, a raba su biyu, shida a yi musu tausa kullum, shida kada hannu ya taɓa su, har sati shida. Ya ce in kashi ɗaya ya ragu ko suka gauraya, kada ma in wahalar da kaina in kawo masa kundin.

Na zaɓi garin su mahaifiyata, wani ƙauye a ƙasar Sae Sabuwa, don can na san zan samu jakai da wurin kwana. Bazara ce, lokacin da kowane mai amalanke yake jidar taki daga gida zuwa gona kafin ruwa ya sauka. Jakai a wahalce suke, kafaɗu sun yi kanta, baya ya sandare, abinci kuwa sai busasshen kara da ɗan abin da suka tsinta a juji. Na samu aron wani fili kusa da rijiya, muka kewaye shi da zana. Yarjejeniyarmu da masu jakai mai sauƙi ce. Kowa ya kawo nasa da hantsi, ya bar shi sa'a guda, ya dawo ya ɗauka ya tafi aikinsa. Ladansa maganin tsutsa da kwanon dusa kullum. Ba wanda ya tsaya ya ga abin da ake yi a bayan zanar, kowa gabansa yake yi.

Ni ban iya tausa ba. Karatunta na yi a takarda. Wanda ya iya wani dattijo ne Bafulatani da rugarsu ke bayan gari, wanda ake aika masa idan saniya ta kasa tashi bayan haihuwa ko sa ya gurɗe. Baffa nake ce masa, shi kuma yana ce mini likita, da wata irin murya da har yau ban tantance ko girmamawa ce ko tsokana ba. Hausarsa tana da kyau, sai dai a hankali yake fitar da ita, kuma ba ya ɓarnarta.

Mutum na farko da ya kawo jakinsa shi ne Kawu, yayan mahaifiyata. A gidansa na sauka. Shi ne ya riƙa kai ni lakol, wato makarantar boko, a Gidan Rumji a kan amalanke duk farkon shekara, da tabarmata da buhun gerona. 'Ya'yansa maza biyu sun tafi neman aiki kudu sun daɗe, saura shi da matarsa da gona mai nisa da jaki guda. Jakin nan shi ke kai taki, shi ke ɗebo ruwa, shi ke kai gero kasuwa. Kawu ya miƙa mini igiyar yana murmushi ya ce, “Ɗana, ga shi nan, naka na. Ka yi mai duk abin da kunka karanta.”

Ranar da jakan suka cika, na rubuta lambobi a guntayen takarda na zuba a hulata, na girgiza, na sa Baffa ya riƙa zarowa. Shida na farko muka ɗaura musu jan ƙyalle a wuya, su ne 'yan tausa. Sauran shuɗi. Jakin Kawu ya faɗa cikin shuɗi.

Na tsaya da takardar a hannu na ɗan lokaci. Ba wanda zai sani in na musanya. Amma ina jin kaina a wancan lokacin, ina ganin ni mutum ne mai bin ƙa'ida, ba irin waɗanda ke fara cika tukunyar danginsu ba. Har wani daɗi na ji cewa ƙuri'a ta ƙi kawuna kuma na bar ta haka. Abin da na kasa shi ne gaya masa. Ta yaya zan zauna gaban mutumin da ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba, in ce masa jakinka yana cikin waɗanda za mu ƙyale da gangan? Na ce a raina zan yi masa bayani in an kwana biyu. Aka kwana biyu, aka yi sati, ban yi ba.

Baffa ma bai gane rabon ba, ko kuma ya gane bai yarda ba. Na yi masa dogon bayani, cewa sai an bar wasu ba a taɓa ba sannan za a san ko hannu ne ya kawo canji ko kuwa dusa ce da hutun sa'a guda. Ya saurara har na gama. Sannan ya tambaye ni laifin me shidan nan suka yi mini. Na ce ba su yi laifi ba. Ya gyaɗa kai ya naɗe hannun rigarsa.

Ina son in faɗi yadda yake aikin, don ban sake ganin mai yi kamarsa ba. Ba ya fara taɓa inda ke ciwo. Bayan kunne yake farawa, da babban yatsa, har sai jakin ya daina kallonsa. Sannan ya bi wuya da gindin tafin hannu, yana dannawa yana saki, ya gangaro allon kafaɗa inda igiyar amalanke ke ci. Nan yake daɗewa. Yakan lakato ɗan man shanu daga wani ƙaramin gwangwani, kaɗan ƙwarai, don kada gashi ya tsinke. Daga nan ya bi gadon baya gefe da gefe, ba ya hawa kan ƙashi, ya ƙare a kwiɓi, yana tura cikin a hankali daga ƙasa zuwa sama. Duk wannan yana wani gunaguni a maƙogwaro wanda ba waƙa ba ne.

Ni kuma ina tsaye da abin sauraron ƙirji a kunne, agogo a hannu, littafi a hammata. Kafin ya fara in auna, bayan ya gama in sake. Kuma abin yana faruwa a gabana, ba ƙarya. Zuciyar da na ji tana sauri sai in ji ta lafa. Numfashi ya yi tsawo, wani lokaci jaki ya saki wata doguwar ajiyar zuciya har ƙasa ta tashi a gaban hancinsa. Leɓen ƙasa ya saki ya rataya, kunnuwa su kwanta gefe, fatar kafaɗa ta ɗauki ɗumi. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ciki. In na ɗora abin sauraro a kwiɓi bayan tausa, sai in ji hanji ya tashi da aiki, yana ƙugi yana gurnani, sau da yawa jakin yakan yi kashi kafin mai shi ya dawo. 'Yan shuɗin ƙyalle kuwa suna ɗaure a ɗaya gefen suna cin dusarsu, in auna su, in jira, in sake aunawa, yadda na same su haka nake barinsu. Kowace safiya littafina yana ƙara kyau, ni kuma kaina yana ƙara girma.

Saura kwana huɗu a gama, Baffa ya tsaya a gaban jakin Kawu bai wuce ba. Ya nuna mini kwanon dusa, rabi ya rage. Ya nuna mini kashin da ya yi, 'yan ƙanana, baƙaƙe, busassu. Ya ɗauki ɗaya ya matsa bai fashe ba. Ya ce cikin jakin nan yana tsayawa, busasshen kara ya yi masa yawa, ruwa ya yi masa kaɗan. Ya ce in bar shi ya yi aikin kwiɓin yau da gobe, a ɗura masa ruwa, a hana shi amalanke.

Na sa abin sauraro. Gaskiyarsa ce. Hanjin yana motsi, amma can ƙasa-ƙasa, kuma sai an jira. Na sani sarai abin da hakan ke nufi, an koya mini. Amma abin da na fara lissafawa daban ne. In Baffa ya taɓa shi, ya fita daga bincike, shuɗi sun koma biyar, sati biyar da rabi na rana da ƙudaje sun tashi a banza. Kuma wane jaki ne za a ce an karya ƙa'ida dominsa? Na kawuna. Na ce wa Baffa a'a, kwana huɗu ne kawai, zan ba shi ruwa. Na ɗebo bokiti na ajiye masa, ya sha kaɗan ya juya kai.

Da Kawu ya zo ɗaukarsa na ce masa ya riƙa ba shi ruwa sosai. Iyakar abin da na faɗa ke nan. In na ce a hutar da shi, zai tambaye ni me ya same shi, tunda kullum yana hannun likita ana gyara masa jiki, daga nan kuma maganar da na yi sati biyar ina gudu za ta fito. Kawu ya ce to, ya ɗaura masa amalanke. Sahu uku na taki suka kai ranar, cikin wannan zafi.

Washegari jakin ya zo yana tafiya kamar ba ya so. Bai kalli dusa ba. Yana tona ƙasa da ƙafar gaba, yana juyowa yana duban cikinsa, gumi ya jiƙa masa bayan kunne. Zuciyarsa tana gudu. A kwiɓi na saurara na saurara, da ƙyar na ji motsi ɗaya. Baffa ya gama da jajayensa shida, ya wanke hannu, ya zo ya tsaya kusa da ni. Bai ɗaga murya ba.

“Likita, yau hannuna shina iya yin wani abu. Gobe ban sani ba.”

Raina ya ɓaci, kuma na san dalili, saboda ya fi ni gaskiya ne. Na ce masa ni na yi shekaru ina karanta cikin dabba, ba a bakin rijiya na koya ba. Na faɗi wannan ga mutumin da ya girmi ubana. Na buɗe akwatina na yi wa jakin allurar kashe zafin ciwo, na ɗura masa mai ta baki, na ce wa kaina ai wannan ma magani ne, kuma ba tausa ba ce, don haka littafina bai ɓaci ba. Allurar ta yi aikinta. Cikin rabin sa'a ya daina tona ƙasa, ya tsaya shiru, har ya ɗan taɓa dusa. Na nuna wa Baffa da baki. Ya dube ni, ya ce ciwon na kashe, abin da ya toshe yana nan inda yake. Ya ɗauki sandarsa ya tafi bai yi mini sallama ba.

Kawu ya zo ya tarar da jaki a natse, ya yi mini godiya. Na ce masa yau dai ya rage masa aiki. Ya ce sahu ɗaya kawai zai kai, don hadari ya fara haɗuwa a gabas kwanan nan kuma rabin gonar ba taki.

Rana ta uku da safe na tarar da jakin kwance a turke. Kawu ya yi ta ɗaga shi ya ƙi tashi. Duk da haka, Allah ya yafe mini, sai da na je fili na auna sauran goma sha ɗaya, na rubuta komai tsaf, sannan na ce wa Baffa ya zo mu je gida. Muka tarar cikin ya kumbura ya ɗaure tamau. Dasashinsa ya yi duhu. Ya yi ta birgima har fatar saman idonsa ta saɓule. Na saurari kwiɓi dama da hagu, shiru.

Sai a lokacin na ce, “Baffa, taɓa shi.”

Ya durƙusa ya ɗora tafinsa a kan cikin, ya danna sau ɗaya, ya ɗauke. Bai sake komawa wurin ba. Ya matsa wajen kai ya sa yatsa a bayan kunne yana murzawa a hankali, yana wannan gunagunin nasa. Ni na yi duk abin da ke cikin akwatina, na huda, na ɗura, na yi allura. Jakin ya mutu bayan azahar, Baffa yana riƙe da kansa.

Muka ja shi bayan gari da amalanken maƙwabci. Na ce wa Kawu aikinmu ne mu buɗe mu gani. Gaskiyar ita ce leda nake nema. Jakai da yawa a garuruwanmu leda ke kashe su, kuma in leda ce ta naɗe a hanji, ba hannun da zai fitar da ita, da na fita. Na tsaga babban hanji na bi shi da yatsu daga farko har ƙarshe, cikin wari da ƙudaje, ina roƙon Allah ya sa in ci karo da ita. Babu ko ƙyalli. Dunƙulen busasshen kara ne kawai, ya cushe wuri guda ya bushe, bangon hanjin da ke kewaye da shi ya yi baƙi. Ba zan ce tausa za ta tura shi ba, ban sani ba, kuma ba wanda zai iya gaya mini. Abin da na sani shi ne kwana biyu ina da mutumin da zai gwada, da ruwa, da hutu, na hana.

Da muka dawo, maƙwabta sun taru a ƙofar gida suna yi wa Kawu jaje. Nan ya yi maganar da ta fi mini duka ciwo. Ya ce wa mutane kada kowa ya ga laifin kowa, kwanansa ne ya ƙare, don ba jakin da ya samu gata irin nasa a garin nan, sati biyar kullum ana yi masa tausa, ga likita ɗan gida a kansa. Mutane suka ce haka ne, Allah ya mayar da alheri. Baffa yana tsugune a gefe. Na jira ya yi magana, har wani ɓangare na zuciyata yana so ya yi. Ya kalli ƙasa kawai, can ya miƙe ya ce dabbobinsa na jiransa.

Ranar ƙarshe ya zo kamar kullum, ya yi wa jajaye aikinsu, na yi awona na rufe littafi. Sai na ga ya wuce wajen shuɗi biyar ɗin da suka rage, ya kwance ƙyallen wuyan na farko ya yar, ya fara daga bayan kunne. Bai tambaye ni ba. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya har rana ta take. Da ya gama na miƙa masa hannu, ya karɓa da yatsu biyu.

Na koma makaranta ina tsoron haɗuwa da malamina, don shuɗi sun koma biyar, abin da na yi ta gudu ya same ni duk da haka. Malamina ya duba, ya ɗaga kafaɗa, ya ce dabba takan mutu a tsakiyar bincike, in rubuta layi ɗaya in wuce. Ashe abin bai kai yadda ya tsorata ni ba. Na rubuta cewa an cire dabba ɗaya saboda ciwon ciki. A ranar kare kundi an yaba mini, wani daga cikin malaman ma ya ce aikin yana da tsabta. Na ji kunya har cikin ƙashina, amma na karɓi takardata na yi hoto da ita.

Na koma ƙauye bayan an yi shuka, da buhun shinkafa a bayan babur. Matar Kawu ce ta ba ni labari tun kafin in zauna. Maƙwabci ya ara masa jaki kwana biyu, daga nan kowa ya shiga tasa hidimar. Sauran takin a ka Kawu ya kai shi, a kwando, safe da yamma, mutum mai shekara sittin da wani abu, gona kuwa tafiyar kusan sa'a. Bai gama ba ruwa ya sauka. Tun daga nan wuyansa ba ya juyawa, in zai dubi mutum sai ya juya da jikinsa duka, ruku'u ma da ƙyar.

Na same shi zaune a inuwar bishiyar bedi a tsakar gida, ya rame. Muka gaisa, ya yi mini barka da takarda, ya sa aka kawo mini fura. Na zo da niyyar gaya masa komai, a hanya har na tsara kalmomin. Ina neman bakin da zan fara, sai ya cire rigarsa da ƙyar, ya ninke ta ya ajiye a cinya, ya juya mini baya. Kafaɗunsa sun kumbura, fatar ƙeyarsa ta yi kanta.

“Zo ka yi mani irin tausar da ka riƙa yi ma jakina,” ya ce.

Na durƙusa a bayansa. Ban taɓa yi wa kowa ba, ko jaki ko mutum, kallo kawai na yi sati shida. Na ɗora hannuwana a wuyansa, naman ya yi tauri kamar itace. Na danna inda na ga Baffa yana dannawa, na san ba daidai nake yi ba, na ji ya ɗan ƙanƙame jiki don zafi. Na ci gaba. Bayan wani lokaci kafaɗunsa suka ɗan sauka, ya sunkuyar da kai.

“Hannunka da sauƙi, ɗana,” ya ce. “Ashe dai ya ji daɗi kahin shi tahi.”

Na ce, “E, Kawu.”